Kiranyen da ba ya isowa ƙauyenmu



Kalmar kiranye tsohuwa ce a bakin Bahaushe. A da, idan ɗa ya tafi cirani ya shekara biyar babu wasiƙa babu saƙo, sai ka ji an ce uwarsa ta sa an yi masa kiranye, wato an yi abin da zai hana shi sukuni a can inda yake har sai ya tattaro komatsansa ya dawo gida. Da siyasa ta zo sai ta ari kalmar, aka koma cewa mutanen mazaɓa za su yi wa ɗan majalisarsu kiranye, ko da yake har yau ba mu ji wanda aka yi wa ya dawo ba. To akwai kiranye na uku, shi muke so mu taɓa a wannan makon. Shi ne wanda kamfani ko hukuma ke yi wa kayan da suka riga suka shiga kasuwa idan an gano suna da aibi, a ce duk mai riƙe da su ya dakata, kada ya sayar, kada ya yi aiki da su, ya mayar da su inda ya samo. 'Yan jarida kan ce an janye kaya daga kasuwa. Mu dai kiranye ya fi kwanta mana a rai, domin kayan ma tafiya suka yi, kuma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Sirinji ne ya tayar da maganar. A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa tana binciken sirinjin roba da ake ƙerawa a ƙasar Sin, bayan ƙorafe-ƙorafe sun taru cewa wasu suna yoyo, wasu suna karyewa ana cikin aiki. Zuwa watan Maris na 2024 ta aika wa kamfanoni uku takardar jan kunne, ciki har da Jiangsu Shenli mai ƙerawa da Medline mai rarrabawa, daga nan aka shiga janye kaya. A daidai wannan tsakanin kamfanin Cardinal Health shi ma ya janye wani sirinjinsa mai suna Monoject, saboda an ɗan sauya girmansa. Sauyi ne da ido ba zai kama ba, amma na'urar da ke tura magani a hankali cikin jijiyar majinyaci sai ta rikice, tana iya tura fiye da ƙima ko ƙasa da ita. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ba a tsaya a kan sirinjin kaɗai ba. Akwai ƙunshin kayan aiki da kamfanoni ke haɗawa a leda ɗaya, a kai wa asibiti a rufe domin tiyata ko wankin ciwo. Su ma aka bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda akwai wancan sirinjin a cikinsu.

Ta yaya aka san inda kowanne yake? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san kwaɓi. Idan siminti ya yi ƙaranci a kwaɓi ɗaya, duk bulon da ya fito daga cikinsa marmashewa zai yi, na kwaɓin gaba kuma lafiyarsa ƙalau. Masana'anta ma haka take. Kowane zubi na kaya ana ba shi lamba, a buga ta a jikin katan, a jikin fakiti, da bayan takardar da ke rufe da kowane sirinji, kusa da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ita ce lambar rukuni. Kamfani ya rubuta wanda ya sayar wa rukuni kaza, dila ya rubuta nasa, mai kula da sito a asibiti ya shigar a katin kaya. Ranar da aka ce rukuni kaza ya samu matsala, sai a bi rubutun nan kamar mai bin sawun ɓataccen rago har a isa kan kantar da kayan ke ajiye.

Mun yi difloma a fannin saye da adana kaya, don haka mun rubuta jarrabawa a kan wannan. Malaminmu a foliteknik yakan zana kibiya a allo daga masana'anta zuwa hannun mai amfani, sannan ya zana wata a ƙarƙashinta tana komawa baya. Da muka kammala muka dawo gida sai muka tarar kibiyar sama tana nan tana aiki dare da rana. Ta ƙasan ce babu ita.

Mu mutanen arewacin Kano ne, can tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, babu wani fili da aka bari ya huta. Jama'a ce danƙam, kuma inda jama'a ta yi yawa allura ma yawa take yi. Idan damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya sauka, bencin ƙofar kemis ba ya rabuwa da mutane. Mutanenmu kuwa sun fi yarda da allura a kan ƙwaya. Tsoho zai dawo daga asibiti da leda cike da magani ya ce maka ba su yi masa komai ba, abin nufi ba a tsira masa allura ba. A ƙa'ida lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ba, amma wannan ƙa'idar ta takarda ce. A ƙauye shi ne likita, da sunan ma ake kiransa, kuma shi ne mai buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare ya ba ka bashi har kaka.

Ga yadda sirinjin da zai yi aiki da shi yake isowa. Babban dila a Kano ya sauke katan-katan. Mai babban kemis na cikin gari ya saro katan ɗaya ko biyu. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, mai kemis ɗin ƙauye ya shigo a kan babur ya sayi abin da jarinsa zai ɗauka. Fakiti guda 100 ne a ciki, shi kuwa 30 yake so, sai a farke a ƙirga masa a baƙar leda, watakila 20 na wannan kamfanin, 10 na wancan. In ma an rubuta rasit, abin da ke jiki shi ne sirinji guda 30 da kuɗinsa. Kwalin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar rukuni kuwa ya zama abin hura wutar mai shayi kafin la'asar. Lambar dai tana nan a bayan takardar kowane ɗaya da ƙananan baƙaƙe, sai dai ita ce abu na farko da ake yagewa a yar kafin a zuƙi magani.

Ba za mu ce hukuma tana barci ba. A watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna sun rufe shaguna sama da 1,000 a Sabon Gari da kewayenta, aka ce masu sarin magani su koma sabuwar kasuwar da aka gina musu a Dangwauro, kan hanyar Zariya. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma dabarar mai ma'ana ce: idan duk sari yana fitowa ta ƙofa ɗaya, mai duba kaya ya san inda zai tsaya. Abin tambaya shi ne bayan an fita ƙofar. Daga Dangwauro zuwa kantar ƙauyenmu kayan sai sun ratsa hannu uku ko huɗu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke riƙe da biro.

NAFDAC tana fitar da sanarwar janye kaya a kai a kai, muna ganinta a waya. Da Turanci take zuwa, da dogon sunan sinadari da jadawali. A watan Afrilu na 2024 ta janye maganin tarin yara na Benylin, rukuni mai lamba 329304, bisa cewa gwajinta ya nuna guba a ciki. Ku duba ranakun da kyau 'yan uwa. An yi maganin a watan Mayu na 2021, wa'adinsa kuma zai ƙare a wannan watan na Afrilu da aka yi sanarwar, wato ya yi kusan shekara uku yana yawo. Daga baya hukumar Afirka ta Kudu, inda aka yi shi, ta ce nata gwajin bai nuna gubar ba. A garinmu labarin farko bai zo ba, balle na biyu. Kuma wannan magani ne mai suna, mai kwalba, wanda uwa za ta iya ganewa da ido. Ina ga sirinji, wanda duk kamanninsa ɗaya ne, fari fat, babu wanda ya taɓa cewa a ba shi na kamfani kaza?

A kowane gida a ƙauye akwai wanda ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta. A gidanmu mu ne. Bara da damina naƙuda ta kama matar yayanmu cikin dare, muka kai ta wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu. Malamar asibiti ta leƙo ta miƙo 'yar takarda: safar hannu, auduga, reza, ledar shimfiɗa, sirinji, da allurar da ake yi bayan haihuwa don tsayar da jini. Mai kemis ɗin da ke daura da ƙofar asibitin ko karanta takardar bai yi ba, ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya ɗauko ƙulli guda da ya riga ya haɗa. Kayan haihuwa ke nan, ƙunshinmu na gida, kowane abu a ciki daga inda Allah ya kawo shi.

Muna zaune a baranda da Gwaggo muka ji kukan jariri. Ba mu gama hamdala ba malamar ta fito da sauri da sirinji a hannu, ta haska shi da fitilar wayarta. Maganin ya zurare ta bayan baƙar robar da ke tura shi, ya jiƙa mata safar hannu.

"Ku koma ya canza muku wannan," in ji ta. "Ku haɗo da wata kwalbar allurar, waccan ta tafi a banza. Ku yi sauri don Allah."

Mai kemis bai yi musu ba. Ya juya sirinjin a hannu ya ce, "Wannan ɗaurin haka yake, jiya ma an dawo mini da guda biyu." Ya zaro wani daga wata ledar daban ya ba mu, kwalbar allurar kuma muka sake biya. Aka yi wa mai jego allurarta, ita da jaririyar suka kwana lafiya, alhamdu lillahi. Ɗaurin nan da ya ce haka yake kuwa yana nan a kan kanta lokacin da muka fito, a inda hannu zai fi saurin kaiwa.

Ba mu ga laifin malamar ba. Ita kaɗai ce a bakin aiki, mata biyu na naƙuda, babu wuta. NAFDAC tana da fom na kai rahoton irin wannan, har da manhajar waya, amma wa zai ce wa matar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya ta zauna cike fom? Ta jefa sirinjin a kwalin zubar da allura, takardarsa ta bi shara. To a nan ne kiranye ke mutuwa tun kafin a haife shi. Na Amurka da muka faɗa a sama daga ƙorafin ma'aikatan asibiti ya faro, wannan ta rubuta, wancan ya rubuta, har rubutun ya yi tsibin da hukuma ba za ta iya kau da kai ba. A wurinmu sirinji uku sun yi yoyo cikin kwana biyu daga ɗauri ɗaya, mutum uku sun sani, babu inda aka rubuta.

Kada wani ya ce ai ɗan yoyo ne. Allurar nan ta tsayar da jini duk ruwanta mil 1 ne a 'yar kwalba. Idan rabi ya zurare ba a lura ba, rabin magani mai jego ta samu, alhali zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Maganin jariri kuma da ɗigo ake auna shi, don haka idan zanen awon da ke jikin sirinji ya karkace ko ya goge, mai allura zai yi daidai a idonsa ya yi kuskure a jikin yaro. Sannan ga tsafta. Ana kashe ƙwayoyin cuta ne bayan an rufe sirinji a takardarsa, duk tsaftarsa ta dogara da wannan rufin. Idan liƙin bai kama ba tun daga masana'anta, ko takardar ta huje a buhu, ko ruwan sama ya jiƙa ta a bayan babur, shi ke nan, ko da a ido sabo ne dal.

Mu kuma muna da kalmominmu da ke rufe duk wannan. Wuri ya kumbura ya yi ruwa, sai mu ce allura ta kwanta. Yaro ya tashi yana jan ƙafa, sai mu ce ta taɓa jijiya. Daga nan sai hukunci ya faɗa kan mutum: wane hannunsa ba shi da kyau, wance hannunta da zafi. Sau da yawa gaskiya ne, hannun ne. Amma tun tasowarmu ba mu taɓa jin an tuhumi kayan aikin ba.

Ƙasar nan ta san kuɗin da ake biya idan kira ya makara. A 1990 yara sama da 100 suka rasu bayan shan gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa, wannan yana cikin abin da ya sa aka kafa NAFDAC a 1993. A watan Nuwamba na 2008 abin ya maimaita kansa da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa da sinadarin da ake zubawa a man birki. Yara suka riƙa zuwa asibiti fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya, a Legas da Ibadan da nan kusa da mu a Zariya. An rufe kamfanin, an yi sanarwa, amma aka ci gaba da kawo yara bayan sanarwar, domin kwalbar tana kan kanta a lungu, tana cikin kwallar uwa a ɗaka. Zuwa watan Fabrairu na 2009 gwamnati ta ce yara 84 ne suka rasu. Sai a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya fi wuyar faɗa, kuma mu Kanawa ya fi shafa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan tabon ya riga ya yi aikinsa. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin da ake yaɗawa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yuli na 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a cikin Kano. Ko mashaƙon da ya yi mana ɓarna a 2023, yawancin yaran da ya kama waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ne.

Saboda haka muna fahimtar jami'in da zai ji tsoron shiga rediyo ya ce an gano sirinji marar kyau. Ya san kafin magariba wani zai naɗi murya a WhatsApp ya ce an sa guba a allura, gobe uwa ta ɓoye ɗanta a bayan rumbu idan masu rigakafi sun shigo. Tsoronsa a kan hanya yake. Sai dai shirun nasa bai hana mai naɗar murya magana ba, fili kawai ya bar masa. Kuma akwai gaskiyar da za ta taimaki jami'in da zai faɗe ta: sirinjin rigakafi daban yake da na kasuwa. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar cewa a riƙa yin rigakafi da sirinji mai kulle kansa, wanda da an tura maganin sau ɗaya ba ya sake jawuwa. Hanyar da yake biyowa ma daban ce, tare yake zuwa da maganin rigakafin, ba ya ratsa kasuwar Lahadi. Sanarwar da za ta ce ga sirinjin da za a guje wa, dole a cikin numfashi ɗaya ta ce wannan bai shafi na rigakafi ba. In ta bar wannan jimlar, gara ba a yi ta ba.

Mu ɗauka ma kiran ya iso. Wa zai biya mai kemis? A can kamfani ke mayar da kuɗi ko ya canza kaya. A nan mutum ne da sirinji 27 da suka rage a leda, kuɗin man da zai sha ya mayar da su ya kusa kai kuɗinsu, wanda ya sayar masa kuma zai ce ina shaidar a wurina ka saya. Ce masa ya zubar daidai yake da ce masa ya ƙona jarinsa. Zai ajiye su ne a gefe, ranar da na kirki suka ƙare dare ya yi ga majinyaci a gabansa, hannunsa zai koma kansu. Tsada ma tana tura mutane inda ya fi wannan muni, wato maimaita sirinji ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai mutum har miliyan 1.7 ne suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura marar tsafta. A 2019 a garin Ratodero na Pakistan aka gano ɗaruruwan yara ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, iyayen yawancinsu ba su da ita, bincike ya nuna maimaita allura da kayan ƙarin ruwa na cikin manyan dalilai. A 2024 ƙaramin ministan lafiya na lokacin, Dakta Tunji Alausa, ya umarci asibitocin gwamnatin tarayya su riƙa sayen sirinji daga masana'antun cikin gida da NAFDAC ta amince da su. Umarni ne mai kyau ga irin su Asibitin Malam Aminu Kano. Kantar ƙauyenmu ba ta cikin lissafin.

A nan za mu ɗan juyo kanmu, mu masu alƙalami. A wani zaman ƙungiyarmu ta marubuta mun taɓa yin raha a kan asibitin cikin littattafanmu. Hajiya ta yanke jiki ta faɗi, a ɗauke ta a mota mai sanyi zuwa asibitin kuɗi, kyakkyawan likita ya fito ya yi mata allurar barci, babi ya ƙare. Ba a taɓa aiken kowa sayo sirinji ba. Ba a taɓa miƙo takarda an ce wa mijin je ka kawo ba, balle a ga yana lalube aljihu a gaban kanta yana tambaya ko akwai mai sauƙin kuɗi. Alhali masu karanta mu, ko sauraron mu idan an karanta a rediyo, wannan asibitin na biyu suka sani. Duk marubucin da ke kukan ya rasa abin da zai riƙe mai karatu, ya je ya zauna a barandar ƙaramin asibiti dare ɗaya.

Sannan sanarwar kanta aikin marubuci ce. Fassara jadawalin NAFDAC kalma da kalma ba zai amfani Inna da komai ba. Wanda zai rubuta mata sai ya san da me take gane kaya: launin takardar, zanen da ke jiki, girmansa, inda za ta duba lamba, wa za ta nuna wa idan ba ta karatun boko, da abin da za ta yi idan an riga an yi wa ɗanta allura da shi. Jimla biyar ko shida, waɗanda mai shela zai iya riƙewa a ka, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a ba tare da ya firgita kowa ba. Hanyar isar da saƙon kuwa tana nan, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Lokacin yaƙi da shan inna magana takan taso daga fada ta bi hakimi, ta bi dagaci, ta bi mai unguwa, kafin kwana biyu kowane gida ya ji. Masu kemis suna da ƙungiyarsu, NAPPMED, mai rassa har ƙananan hukumomi, suna taro, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Hanyar da ke iya karɓo kuɗi daga kanta tana iya kai lamba shida zuwa kantar.

Mu namu ɗan abin da muke yi a gida yanzu kaɗan ne. Duk wanda za a yi wa allura, a farke takardar a gabansa. Kafin a farke a duba ko ta huje ko ta taɓa jiƙewa. Bayan an farke a ɗauki hoton bayanta da waya, ko a soke ta cikin katin asibiti. Yayanmu ya ce wannan fi'ilin 'yan boko ne, amma shi ne ya fara ɗaukar hoton ranar da aka kai jaririyar.

Wani abin kuma sai manomi zai gane shi. Sirinjin da aka gama aiki da shi a asibiti kwalinsa daban, ana tarawa a ƙone. Na kemis da na masu bi gida-gida kuwa juji yake tafiya. Yara su tsinci bututun su riƙa fesa wa juna ruwa, mai feshi ya ɗauki ɗaya yana awon maganin ƙwari, tsinken kuma ya nutse cikin toka da kashin awaki. A ƙasarmu juji dukiya ce. Gonar da ake nomawa kowace shekara babu hutu ba ta rayuwa sai da taki, shi ya sa da bazara za ka ga jakuna da amalanke suna kwasar juji zuwa gona, masu hali har sharar birni suke saye a mota a juye musu. Duk abin da ke ciki gona zai je. Ruwan farko ya sauka, a yi shuka, a shiga noman fari, yawancin masu bin kunya kuma ba takalmi a ƙafarsu.

Baba yana da wani tsohon gwangwanin madara da yake ajiyewa a gindin gawon da ke tsakiyar gonarmu. Duk tsinken allurar da fartanya ta tono, a ciki yake jefa shi, ya danne bakin da dutse saboda jikoki. Bana kafin a gama maimai gwangwanin ya kusa rabi. Ya tambaye mu inda ake kai irin wannan, muka ce za mu roƙi malamar asibiti ta haɗa da nasu idan za a ƙona. Ta karɓa, ta ce idan ya sake taruwa mu kawo.